Tsohon Jirgin Yaƙi: A Rataye Shi Ko A Bar Shi Ya Tashi?

A yawancin gidajen adana kayan tarihi, idan jirgin sama ya tsufa sai a tsiyaye mansa, a goge shi ya yi ƙyalli, a kewaye shi da igiya ko a rataye shi a rufin zaure, a kafa allo a gabansa. Daga ranar ya gama aiki ke nan. Amma akwai wasu 'yan wurare da suka ƙi bin wannan hanya, suka ce tunda don tashi aka ƙera jirgi, to ya ci gaba da tashi ko da ya haura shekara ɗari. Ni ina bayan waɗannan mutane, duk da na san hujjojin masu sukarsu ba na wasa ba ne, domin har rayuka sun salwanta a kan wannan naci.

Wurin da ya tsayar mini da wannan ra'ayi shi ne Old Warden, wani ƙauye a gundumar Bedfordshire ta Ingila, kimanin kilomita 70 arewa da Landan. Ɗan yayata da ke aiki a Luton ne ya kai ni, ranar da ake wasan tashin jirage. Filin ƙarami ne ƙwarai, gonaki sun kewaye shi, kuma ko kwalta babu a hanyar da jirage ke gudu, ciyawa ce aka aske ta yi lumui. A gefe akwai manyan rumfuna a jere, a cikinsu ne ake ajiye jiragen da ake kira Shuttleworth Collection.

Sunan na wani ɗan masu hali ne, Richard Shuttleworth, wanda danginsa suka yi arziki da ƙera injinan noma. Tun 1928 ya fara sayen tsofaffin motoci, daga baya ya haɗa da jirage, yana gyara su da nufin su yi aiki. Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke ya shiga rundunar sojan sama ta Birtaniya, kuma a watan Agustan 1940 jirgin da yake atisayen dare da shi ya faɗi, ya mutu yana da shekara 31. Mahaifiyarsa Dorothy ce ta ƙi yarda a watsar da kayan ɗanta. Ta kafa gidauniya a 1944, aka buɗe wurin ga jama'a a 1963, aka kuma riƙe ƙa'idar mai shi: abin da aka ajiye a nan ya kasance yana motsi.

Ni ɗan makaniki ne, a gareji na tashi, don haka da muka shiga rumfar farko ƙasa idona ya fara dubawa. Ƙarƙashin kusan kowane inji an ajiye faranti, baƙin mai yana ɗiga a ciki. Duk wanda ya taɓa riƙe sifana ya san ma'anar wannan: injin yana raye, an tayar da shi kwanan nan, kuma za a sake tayar da shi. Warin wurin ma na gareji ne, fetur da girishi da fenti, ba irin tsit ɗin gidan tarihi da ake magana ƙasa-ƙasa ba.

A nan na ga Blériot XI na shekarar 1909, wanda ake ɗauka a matsayin jirgi mafi tsufa a duniya da har yanzu yake iya barin ƙasa. Irinsa ne Louis Blériot ya tsallaka tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila da shi a Yulin wannan shekarar. Katako ne da waya da yadi, injinsa mai silinda uku. Kusa da shi akwai mayaƙan yaƙin duniya na farko: Sopwith Pup, da Bristol Fighter, da SE5a wanda tarihinsa ya nuna ya harbo wani jirgin Jamus ranar 10 ga Nuwamban 1918, ana jajibirin tsagaita wuta. Can gaba ga Gloster Gladiator, na ƙarshe cikin mayaƙan Birtaniya masu fiffike sama da ƙasa. Ga Lysander baƙi ƙirin da tsani a gefensa, irin wanda ke sauke 'yan leƙen asiri a gonakin Faransa da hasken farin wata lokacin mamayar Jamus, kuma sansaninsu na Tempsford ba shi da nisa da wannan ƙauye. Ga Spitfire, ga kuma Sea Hurricane da aka ƙera a Kanada, ya fara tashi a 1941, aka sake ɗaga shi sama a 1995 bayan doguwar jinya a hannun makanikai.

Wannan Hurricane ɗin ne ya riƙe ni. Daga nesa za ka rantse ƙarfe ne tun daga hanci har wutsiya. Sai ka matsa kusa ka ga bayan kujerar matuƙi yadi ne aka shimfiɗa a kan siraran katako, su kuma suna bisa ƙashin bututun ƙarfe. Ana ɗinke yadin, a shafe shi da wani ruwa mai sa shi ya ɗaure tamau. Saboda wannan ƙira, harsashi kan ratsa ta wuce ba tare da ta yi babbar ɓarna ba, kuma ma'aikatan sansani kan yi faci su mayar da jirgin fagen daga cikin ɗan lokaci. An ƙera Hurricane fiye da 14,000. Waɗanda ke iya tashi yau a duk duniya ba su kai ashirin ba.

To ga inda hujjata take. Jirgin da aka rataye, mai share ƙura kawai yake buƙata. Jirgin da zai tashi gobe kuwa yana tilasta wa masu shi su riƙe mutane: wanda ya iya ɗinkin yadin fiffike, da kafintan da ya san katakon da zai ɗauki nauyi da wanda zai tsage, da mai ɗaure wayoyin da ke riƙe fukafukai daidai gwargwado, da wanda zai kwance injin Merlin mai silinda 12 ya mayar da shi ba tare da ko noti ɗaya ya yi saura ba. Yana kuma tilasta a sami matuƙin da zai koyi halin injin da babu irinsa a zamani. Wasu injinan yaƙin farko, gaba ɗayansu suke juyawa tare da farfela, suna shan man zurma suna fesar da shi a fuskar matuƙi, kuma nauyin juyawar kan fizgi jirgin gefe guda idan an zo kwana. Littafi zai iya gaya maka haka, amma sanin yadda za ka tare fizgar sai a hannun wanda ya yi.

Rumfar gyara a buɗe take ga baƙi. Na daɗe a tsaye ina kallon wani dattijo da wani saurayi sun duƙufa kan wani fiffike da aka yaye wa yadi. Dattijon bai cika magana ba, sai dai ya kama hannun yaron ya ɗora a kan katakon don ya ji abin da shi yake ji. Haka mahaifina yake koyar da yaransa, haka kuma kowace sana'a take wucewa daga baya zuwa baya. Spitfire ɗin da ke wurin ya shafe kimanin shekara goma ana kwance shi ana ɗaurawa kafin ya sake tashi a 2018. A cikin waɗannan shekaru an sami jirgi, an kuma sami mutanen da suka san cikinsa da bayansa. Mu Kanawa muna da misalin wannan a marinar Ƙofar Mata: muddin akwai marina a bakin karofi, sana'a tana nan, ranar da na ƙarshensu ya tashi, ramuka ne kawai za a riƙa nuna wa 'yan yawon buɗe ido.

Da rana ta yi sanyi aka fara tayar da jirage. Mafi tsufa ba sa fita sai iska ta kwanta ɗif, don haka su ake bari na ƙarshe, wani lokacin ma a fasa. Blériot ɗin ba ya yin nisa, ɗan ɗagawa yake yi sama da ciyawa, ya bi tsawon filin ya sauka, amma dubban mutane suka yi shiru har ya taɓa ƙasa. Da Hurricane ya wuce ta kanmu, ƙarar injinsa ta daki ƙirjina, sai ɗan yayata ya waiwayo ya ce, "Kawu, ashe haka suke?" Yaron da ya tashi da kallon waɗannan jirage a fim da wasannin kwamfuta, sai ranar ya san girmansu da ƙararsu da yadda suke rangaji idan iska ta buge su. Gani ya kori ji.

Yanzu bari mu saurari masu suka. Hujjarsu ta farko ita ce haɗari, kuma suna da shaida. A Agustan 2015 wani tsohon jirgin yaƙi ƙirar Hawker Hunter ya faɗa kan babbar hanya a Shoreham ta Ingila yana tsakiyar wasa, ya kashe mutum 11 waɗanda yawancinsu wucewa kawai suke yi. A Oktoban 2019 wani B-17 na zamanin yaƙin duniya na biyu ya faɗi a jihar Connecticut ta Amurka ɗauke da fasinjoji, mutum bakwai suka mutu. A Nuwamban 2022, a birnin Dallas, wani B-17 da wani P-63 suka yi karo a sama a gaban 'yan kallo, mutum shida suka tafi. Shi kansa Old Warden bai tsira ba, domin a 2012 wani ƙaramin jirgi na shekarun 1920 ya faɗi a filin, matuƙinsa ya rasu. Masu suka suna cewa ran mutum ya fi nishaɗi, kuma jirgin da ya ƙone ba a sake samun irinsa.

Na yarda da rabin maganar. Amma idan aka duba abin da masu bincike suka gano, ba tsufan jirgi ne kan gaba a laifi ba. A Connecticut an sami sakaci wajen kula da inji da kuma kuskuren matuƙi, har hukuma ta janye wa masu jirgin izinin ɗaukar fasinja. A Dallas an gano ba a tsara tazarar da za ta raba jiragen a sama ba tun kafin su tashi. Bayan Shoreham hukumar sufurin sama ta Birtaniya ta tsaurara dokokin wasan jirage, ta taƙaita alkafurar da tsofaffin jirage masu injin jet ke yi. Maganin ke nan: doka mai tsauri, nisanta jirage daga kan jama'a, hana burga, da barin jirgi a ƙasa duk ranar da aka yi shakka. Wanda kuma shi kaɗai ya rage a duniya, babu zanen da za a sake ƙera shi da shi, ban ga laifin a ajiye shi ba. Sauran kuwa, a bar su su tashi.

Misalin jirgin Bristol Blenheim ya isa a yi tunani a kai. A filin Duxford, wanda ba shi da nisa da Old Warden, wasu mutane sun shafe shekara 12 suna gyara guda ɗaya. Ya tashi a 1987, bai fi wata guda ba ya faɗi. Suka sake haɗa wani, ya tashi a 1993, ya yi mummunar sauka a 2003. Suka sake komawa kansa, ya tashi a 2014. Mai lissafin kuɗi zai ce wauta ce. Amma abin da ya sa aka iya tayar da shi har sau uku shi ne ilimin bai mutu tare da jirgin ba, yana hannun mutanen da aikin ya horar.

Hujja ta biyu ta fi mini nauyi, ita ce cewa irin waɗannan wurare suna yi wa yaƙi kwalliya. A ranar wasa ana kiɗa, ana shan shayi a kan ciyawa, yara na cin alewa, mai sanarwa yana yabon jarumtar matuƙa. Da wuya ka ji an ambaci waɗanda ke ƙasa lokacin da jirgin ke sama. Ina tsaye gaban Bristol Fighter, na tuna cewa da irinsa da danginsa Turawan mulkin mallaka suka riƙa ladabtar da ƙauyukan Iraƙi da na kan iyakar Indiya da Afghanistan a shekarun 1920, ta hanyar jefa musu bam. A 1916 jiragen Birtaniya sun bi rundunar Sarkin Darfur Ali Dinar da bam. A farkon 1920 sun yi luguden wuta a kan ganuwoyin Sayyid Muhammad Abdullahi Hassan a ƙasar Somaliya, suka kawo ƙarshen turjiyar da ya shafe shekara ashirin yana yi. Mu 'yan Arewa kuwa ba ma buƙatar darasi kan abin da ke faɗowa daga sama. Mutanen Rann sun gani a 2017, na Tudun Biri sun gani a Disamban 2023, inda aƙalla mutum 85 suka rasu a wurin Maulidi.

Duk da haka ban ga yadda kashe injin zai gyara wannan ba. Jirgin da aka goge aka rataye shi ya fi kama da abin ado. Wanda ya zo maka a ƙasa-ƙasa da rurinsa, har ka ji hanjinka ya kaɗa, shi ne ke ba ka ɗan ɗanɗanon abin da makiyayin Somaliya ya ji a 1920. Abin da ya rage wa masu irin waɗannan gidaje shi ne su cika labarin. A kan allon kowane jirgi, bayan gudu da ƙarfin inji da sunan matuƙi, a rubuta inda ya yi aiki da kuma kan su wa. Wannan bashi ne a kansu, kuma yawancinsu ba su gama biya ba.

Akwai wani bashin kuma, shi a kanmu yake. Yawancin masu karanta wannan shafi ba su san cewa Hurricane da Blenheim sun sha ratsa sararin samaniyar Kano ba. Da Italiya ta shiga yaƙin Hitila a Yunin 1940, tekun Bahar Rum ya zama tarko ga jiragen ruwan Birtaniya, kewayawa ta ƙarshen Afirka kuma tana cin makonni. Sai aka koma kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna zuwa Takoradi, a ƙasar da yau ake kira Gana, a haɗa su a can da hannun ma'aikatan ƙasar, sannan a tuƙa su zango-zango: Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato N'Djamena ta yau, El Geneina, El Fasher, Khartum, har Alƙahira. Ayarin farko ya tashi a Satumban 1940, Blenheim ɗaya yana jan Hurricane shida. Hanyar ta yiwu ne saboda gwamnan Chadi, Félix Éboué, ya bi ɓangaren Janar de Gaulle mai yaƙar Jamus a watan Agusta, alhali Nijar tana hannun gwamnatin Vichy mai biyayya ga Jamus. Tafiyar kan ɗauki kusan mako guda, cikin ƙurar hunturu da ke cin inji da hadarin damina. Zuwa ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi ta wannan hanya zuwa fagen daga na Arewacin Afirka. Muhimmancinta ya kai har Jamusawa suka turo jirgi ya ratsa Sahara ya kai wa Fort Lamy hari a Janairun 1942.

Duk wannan a zamanin Sarki Abdullahi Bayero aka yi shi. Talakawan Kano da na Borno ne suka share filaye, suka yi dakon gangunan mai, suka yi gadi. Kuɗin da aka tara daga aljihun 'yan Najeriya ya sa har wata runduna ta sojan saman Birtaniya, ta 91, mai tuƙa Spitfire, ta ɗauki sunan Najeriya. Kakanninmu da suka je yaƙin Boma, a kwarin Kaladan daga sama ake jefa musu abinci da harsashi. Tun kafin nan ma, a ranar 1 ga Nuwamban 1925, jirage uku ƙirar DH.9A da suka taso daga Masar ƙarƙashin Arthur Coningham suka sauka a Kano, zamanin Sarki Usman. Shekara ɗari ke nan da wani abu garin yana hulɗa da jirgin sama, amma ɗalibin sakandare a Fagge ko Gwale ina zai je ya ga wannan tarihi da idonsa?

Na san wani zai ce, ƙasar da ke fama da tsadar abinci da 'yan bindiga ina ta ga ta tsohon jirgi? Gaskiya ne, kuma ba na kiran a sayo Spitfire da kuɗin talakawa. Old Warden ma ba baitulmalin gwamnati ke riƙe da shi ba. Gidauniya ce, da kuɗin shiga, da ƙungiyar masu sa kai, waɗanda da yawansu tsofaffin ma'aikata ne da suka yi ritaya. Abin da nake kira a yi bai fi ƙarfinmu ba. Muna da Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama a Zariya tun 1964, shekarar da aka kafa rundunar sojan samanmu. A Kaduna aka haɗa ƙananan jiragen horo da ake kira Air Beetle, kimanin 60, waɗanda matuƙanmu na soja da dama suka fara koyo da su. Irin wannan ƙaramin jirgi mai inji ɗaya, riƙe shi a raye ba ya cin abin da jirgin yaƙi mai jet zai ci. A Umuahia akwai gidan tarihin yaƙi da aka kafa a 1985, inda jiragen yaƙin basasa ke girke a fili, amma babu mai tashi a cikinsu. Idan ba a yi wani abu ba, makomar Air Beetle ke nan, ko ma ta fi haka muni, a hannun 'yan gwangwan.

Don haka kirana ga rundunar sojan sama da kwalejin Zariya shi ne su keɓe ko da jirgi biyu daga tsofaffin jiragen horo, su riƙe su da lafiyarsu, ɗalibai su riƙa koyon gyara a kansu ƙarƙashin tsofaffin makanikai, a kuma tayar da su sau ɗaya ko biyu a shekara jama'a su gani. Ga gwamnatin Kano da masarauta da hukumar filayen jirage, a ware ɗaki guda a filin jirgin Malam Aminu Kano, a sa taswirar hanyar Takoradi da hotunan zamanin, da bayani cikin Hausa. Ga jami'o'inmu kuma, a tura ɗalibai da na'urar ɗaukar murya gidajen tsofaffin injiniyoyi da matuƙa da suka yi ritaya a Kaduna da Kano da Makurɗi. Jirgin da ya yi tsatsa ana iya tayar da shi bayan shekara hamsin, kamar yadda aka yi a Ingila. Makanikin da ya san shi kuwa, idan ya kwanta dama ba tare da ya koyar da wani ba, shi ke nan. A fara da mutanen tun suna raye.